Takardar "Nan Take": Yadda Canjin Wurin Aiki Ya Zama Horon da Babu Mai Tambayar Dalilinsa

Wata Alhamis bayan la'asar, maƙwabciyarmu a nan Unguwar Sanusi ta yi sallama gidanmu da waya a hannu. Ma'aikaciyar jinya ce, ta shekara 19 tana aiki, kuma rabin yaran layinmu sun san zafin allurarta. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai da kake ɗan jarida, duba mini wannan." Hoton wata takarda ce da aka turo a zauren WhatsApp na ma'aikatansu. Jerin sunaye ne, nata na 14. An mayar da ita wani gari mai nisan tafiyar sa'a uku, kuma ana son ta kama aiki ranar Litinin. Babu wasiƙa da sunanta, babu dalili, babu maganar kuɗin tafiya. A ƙasan takardar an rubuta cewa umarnin ya fara aiki nan take.

Na ce, "Anti, ko kin yi wa wani laifi ne?" Ta yi shiru, sannan ta ce mako uku da suka wuce an kawo mata littafin sito ta sa hannu a kan cewa wasu magunguna sun iso, ita kuwa ba ta gan su da idonta ba, sai ta ƙi. Ba a ba ta takardar tuhuma ba. Ba a kira ta gaban kwamiti ba. Babu wanda ya ɗaga mata murya. Sai dai ga sunanta a lamba ta 14.

Ba zan iya rantsuwa cewa ƙin sa hannun ne ya jawo canjin ba. Ita ma ba za ta iya ba. Kuma wannan shi ne ainihin abin da nake ƙorafi a kai: an gina tsarin ne ta yadda babu wanda zai taɓa iya rantsuwa. Da korarta aka so yi, da sai an rubuta laifinta, an ba ta damar amsawa, an kafa kwamiti. Amma a raba ta da 'ya'yanta, a ninka mata kuɗin haya da na mota, a jefa ta kan hanyar da direbobi ke bi da addu'a, wannan bai buƙaci komai ba sai layi ɗaya a cikin jeri.

Hujjata a wannan rubutu ita ce: gwamnati na da cikakken haƙƙin tura ma'aikacinta inda ake buƙatarsa, amma ikon da ba ya faɗin dalili, ba ya ba da wa'adi, ba ya sauraron kowa, ba ikon tafiyar da aiki ba ne, bulala ce. Kuma mu da muka yi ta kururuwa a kan Babban Banki a 2024, mun daɗe muna kawar da kai daga wannan bulala a cikin gidanmu.

Hayaniyar Janairun 2024

Mai karatu zai tuna. A watan Janairun 2024 wata takardar cikin gida ta Babban Bankin Najeriya ta fito fili, tana bayyana shirin kwashe wasu sassa daga hedikwatar Abuja, akasarinsu zuwa Legas. Daga ciki har da sashen sa ido kan bankuna, da na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, da na kula da tsarin biyan kuɗi. Bankin ya ce ginin da aka yi domin mutum 2,700 yana ɗauke da 4,233, don haka za a matsar da 1,533. A cikin watan ne kuma aka sanar da mayar da hedikwatar Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama, FAAN, zuwa Legas.

Arewa ta ɗauki zafi. Ƙungiyoyin dattawa suka fitar da sanarwa, Sanata Ali Ndume ya yi gargaɗi a talabijin cewa abin zai yi illa a siyasance, shi kuwa tsohon gwamnan bankin, Muhammadu Sanusi na Biyu, ya kare matakin. Aka yi makonni ana muhawara: shin yunƙurin rage wa Abuja daraja ne, ko gyara ne na gaskiya?

Na bi muhawarar nan daga farko har ta lafa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tambayoyin da ba su sami kasuwa ba. Da wane ma'auni aka zaɓi wanda zai tafi da wanda zai zauna? Kwana nawa aka ba mutum ya shirya? Mai ciki wata takwas, ko wanda ke kai mahaifinsa wankin ƙoda, wa zai kai wa kukansa? Mun yi faɗa a kan taswira, mun manta da mutanen da ke cikin motar. Da a ce daga Legas aka kwaso su zuwa Abuja ta hanya iri ɗaya, da tafi za mu yi, alhali zafin da iyalansu za su ji bai canza ba.

Wannan ya nuna cewa ba tsari muke karewa ba, rabo muke karewa. Shi ya sa malamin firamare da aka ɗauke daga Tudun Wada aka wurga shi ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba, saboda ya tambayi inda kuɗin gyaran aji ya shiga, ba ya samun ko sanarwa ɗaya daga dattawan kowa. Wanda ya tura shi ɗan'uwansa ne, yare ɗaya, masallaci ɗaya ko coci ɗaya. Babu ɓangarancin da za a hau, don haka babu labari.

Abin da doka ta ba ma'aikaci, da abin da ta hana shi

Kafin a ce ina zuga mutane su bijire, bari mu shimfiɗa dokar yadda take.

Ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar wa aiki ba bara ba ne a gidan gwamna ko minista. Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 1981 a shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya. Shitta-Bey lauya ne a Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya da aka yi wa ritayar dole. Kotu ta soke matakin, hukumar ta ƙi mayar da shi, Kotun Ƙoli ta tilasta mata. Abin da hukuncin ya kafa shi ne cewa dokokin aikin gwamnati suna da ƙarfin da suka samo daga tsarin mulki, kuma suna ba ma'aikaci matsayin da ya wuce na yaro da ubangida. Shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985, da ta Laoye a 1989, sun ƙara ɗaure wannan igiya: idan doka ta shimfiɗa hanyar ladabtarwa, dole a bi ta taki-taki, in ba haka ba hukuncin ya rushe. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi haƙƙin a saurari mutum, sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi, asali ko ra'ayin siyasa.

Sai kuma gyara na uku da aka yi wa kundin a 2010, wanda ya shigar da sashe na 254C. Wannan sashe ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumi ita kaɗai a kan rigingimun aiki, ya kuma ba ta damar duba rashin adalci a mu'amalar aiki tare da la'akari da kyawawan ƙa'idojin da duniya ta amince da su. Kotun na da reshe a nan Kaduna.

To, ina gizo ke saƙa? Duk wannan katanga an gina ta ne a kewayen kora, da ritayar dole, da rage matsayi. Ƙofar canjin wurin aiki a buɗe aka bar ta. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi suka kwaikwaya a nasu, akwai bambanci tsakanin abubuwa uku da mu a bakinmu duk "taransifa" muke ce musu. Akwai sauya sheƙa ta dindindin daga wata hukuma zuwa wata, ko daga wani rukunin aiki zuwa wani. Akwai aro, inda ake ba da ma'aikaci na ɗan lokaci. Sai kuma fostin, wato a tura ka wani ofis ko wani gari a ƙarƙashin ubangida ɗaya. Na farko da na biyu suna da sharuɗɗa da takardu. Na uku, wanda shi ne ya fi taɓa rayuwar mutane, ana ɗaukarsa a matsayin harkar cikin gida, kuma kotuna sun saba cewa mai aiki shi ya san inda yake son ma'aikacinsa, ba za su sa baki ba sai an nuna mugun nufi.

Ga kuma ɗaya bakin almakashin: dokokin sun lissafa ƙin tafiya inda aka tura ka a cikin laifuffukan rashin ɗa'a, rashin zuwa aiki ba da izini ba kuwa babban laifi ne da kan kai ga kora. Ka ga ke nan shugaban da ke son ya rabu da kai ba ya buƙatar ya tuhume ka da komai. Zai tura ka inda ya san ba za ka iya zama ba. In ka tafi, ya huta. In ka ƙi, ka ba shi wuƙar da zai yanka ka, a wannan karon kuma bisa doka. Gaba kura, baya sayaki.

Dokar Ƙwadago ma ba ta cika kawo ɗauki ba. Sashe na 10 nata ya ce ba a mayar da ma'aikaci hannun wani mai aiki daban sai da yardarsa, amma wannan ba fostin ba ne. Sannan ma'anar "ma'aikaci" a sashe na 91 ta fitar da masu aikin gudanarwa, da na zartarwa, da na fasaha, da na ƙwararru, wato galibin masu karanta wannan rubutu.

Me ya sa a Kaduna abin ya fi ciwo

Garin nan da aikin gwamnati aka gina shi. A zamanin Jihar Arewa, daga Kaduna ake rubuta takardar da za ta ɗauki ɗan Sakkwato ta kai shi Makurɗi, ta ɗauki ɗan Ilori ta kai shi Maiduguri. Dattawanmu suna ba da wannan labari da alfahari, kuma sun cancanta. Amma sukan haɗa da cewa akwai gidan gwamnati da ke jiran mutum, akwai motar kwasar kaya, akwai alawus. Mun riƙe biyayyar wancan zamani a matsayin wajibi, mun yar da ɗawainiyar da ke tafe da ita.

Sannan ma'aikacin Kaduna ya ga abin da ya gani. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su. A watan Afrilun 2021 aka sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya kai ga yajin aikin da NLC ta fara ranar 17 ga Mayu ƙarƙashin Ayuba Wabba, aka dakatar da shi bayan kwana uku. A watan Yunin 2022 aka sake sallamar malamai 2,357, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba. Gwamnatin ta kawo hujjojinta: ingancin koyarwa, da nauyin albashin da ta ce yana cinye mafi yawan kason da take samu daga tarayya. Ba wannan muhawara na zo sabuntawa ba. Abin da nake nunawa shi ne darasin da duk wanda ya tsira ya ɗauka: ka yi shiru, ka gode wa Allah da sunanka bai fito a wancan jerin ba. Mutumin da ya ga an kori dubbai ba zai buɗe baki a kan taransifa ba. Kuma duk ƙaramin shugaba a ofis ya san haka.

Na uku, tazara a jihar nan ba a auna ta da kilomita kaɗai. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama a ƙaramar hukumar Birnin Gwari. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Chikun. An sako 137, amma malamin da aka tafi da shi bai dawo da rai ba. Hanyar Birnin Gwari ta sami sauƙi tun bayan sulhun ƙarshen 2024, muna roƙon Allah ya ɗorar. Sai dai a shekarun da abin ya yi tsanani, kowa ya san me ake nufi idan shugaba ya ce wa na ƙasa da shi, "Ka ci gaba, za ka ga inda zan kai ka." A irin wannan yanayi, takardar fostin kan iya zama magana ce ta rai da mutuwa. A ce irin wannan takarda ba ta buƙatar ko jimla ɗaya ta dalili, wannan rainin hankali ne.

Hujjar ɗaya ɓangaren, kuma tana da ƙarfi

Na zauna da wani tsohon darakta na karanta masa abin da ke sama. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaro, ka taɓa zuwa asibitin ƙauye ka tarar babu ungozoma ko ɗaya, alhali a cikin gari suna zaune su goma suna hira? Kowa na da uzuri. Kowa mijinta na Kaduna, kowa mahaifiyarsa ba lafiya. In ka ce sai an saurari kowa, matan ƙauye za su ci gaba da mutuwa wurin haihuwa."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya yi watsi da wannan magana bai san jihar nan ba. Ƙananan hukumomi 23 muke da su, ba Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Zariya kaɗai ba. Yaron Kuyello da na Sanga suna da haƙƙin samun malamin lissafi daidai da yaron Unguwar Rimi. Ma'aikata da yawa suna fakewa da uzurin ƙarya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma na tambaye shi: Baba, su waye goman nan da ke zaune a cikin gari? Ya yi dariya, domin ya san amsar. Matar wane ce, ƙanwar wane ce, wadda ɗan majalisa ya yi wa waya ce. Rashin tsari bai taɓa cika asibitin ƙauye ba. Abin da yake yi shi ne ya tace ma'aikata gida biyu: masu uwa a gindin murhu su zauna, marasa gata da masu taurin kai a kan gaskiya su tafi. Waɗanda suka tafin kuma sun tafi da ɗacin rai, suna zuwa Talata su gudo Alhamis, suna neman hanyar dawowa tun ranar farko. Ƙauye ya zama kurkuku a idon ma'aikaci, mutanen ƙauye kuma su ne ke karɓar fushinsa. Wace daraja muka ba mutanen Birnin Gwari idan garinsu shi ne abin da ake yi wa mai laifi barazana da shi?

Ikon da ba a tambayarsa dalili shi ne ainihin ikon da ake saya da sayarwa. Inda aka rubuta ƙa'ida aka manna a bango, cewa kowane sabon ɗauka zai yi shekara kaza a karkara, kuma ga jerin waɗanda suka yi da waɗanda ba su yi ba, a nan ne darakta zai iya duban ɗan majalisa ya ce, ranka ya daɗe, hannuna a ɗaure yake. Tsari ba maƙiyin darakta nagari ba ne, garkuwarsa ce.

Wasu sun riga mu shan wannan ruwa

A Faransa, cikin 1904, asiri ya tonu cewa ma'aikatar yaƙi ƙarƙashin Janar Louis André tana tara bayanan sirri a kan hafsoshin soja, wa ke zuwa coci, wa ke da wane ra'ayi, ana amfani da su wajen ƙarin girma. Abin kunyar ya ci kujerar ministan, ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin. Daga nan aka sami sashe na 65 na dokar 22 ga Afrilu 1905, wanda ya ba kowane ma'aikacin gwamnati haƙƙin ganin fayil ɗinsa kafin a ladabtar da shi, ko a canza masa wurin aiki ba da son ransa ba, ko a jinkirta masa ƙarin girma. A lura: tun shekara 120 da suka wuce suka gane cewa canjin dole ɗan'uwan horo ne, suka sa su a layi ɗaya. A 1921 kuma suka yi dokar da ake kira ta Roustan, domin sauƙaƙa haɗa ma'aurata a yanki ɗaya.

A Indiya, wani jami'i a jihar Haryana mai suna Ashok Khemka ya sha canjin wurin aiki fiye da sau 50 a cikin shekara 34 na aikinsa. Sunansa ya karaɗe ƙasar a 2012 lokacin da ya soke rajistar wani cinikin fili da ya shafi kamfanin surukin Sonia Gandhi. Ranar 31 ga Oktoba 2013, a ƙarar da tsohon sakataren majalisar ministoci T.S.R. Subramanian da wasu tsofaffin manyan ma'aikata suka shigar, Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni uku: a kafa hukumar da za ta riƙa ba da shawara kan fostin, a ƙayyade mafi ƙarancin wa'adin da jami'i zai yi a kujera, kuma jami'ai su daina aiki da umarnin baka sai an rubuta. Jihohi da dama sun yi wa hukuncin riƙon sakainar kashi, shi kansa Khemka an ci gaba da yawo da shi. Darasin shi ne hukuncin kotu kaɗai ba ya isa. Amma ko banza, yanzu akwai ma'aunin da ake kama gwamnati da shi.

Ba ma sai mun je nesa ba. A tarihin da muka gada, lokacin da mutanen Kufa suka kai ƙarar gwamnansu Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Halifa Umar ya kira shi ya ji ta bakinsa, ya aika a bincika a masallatan garin. Ya sauke shi, amma daga baya ya bayyana a fili cewa ba don gazawa ko ha'inci ya sauke shi ba. Shugaba ya yi amfani da ikonsa, amma ya saurara, ya bincika, ya kuma wanke sunan mutumin. Mu a yau ko ɗaya daga cikin ukun ba ma yi.

Abin da nake nema

Ba sabuwar hukuma nake nema ba, ba kuma kasafin kuɗi ba. Sashe na 197 na kundin tsarin mulki ya riga ya kafa Hukumar Kula da Ma'aikata a kowace jiha. Takardar umarni ɗaya daga ofishin Shugaban Ma'aikata, ko gyara a dokokin aiki na jiha, ta isa ta tabbatar da abubuwa shida.

Na ɗaya, wasiƙa da sunan mutum, da sa hannun wanda doka ta ba iko, da dalili ko da jimla biyu ne. Hoton jeri a WhatsApp sanarwa ce, ba umarni ba.

Na biyu, wa'adi. Duk canjin da zai sa mutum ya tashi daga garin da yake, a ba shi aƙalla kwana 30, a kuma daidaita babban fostin na shekara da hutun ƙarshen zangon karatu. Annoba ko wata larura ta gaggawa tana iya zama togiya, amma a rubuta ta.

Na uku, idan akwai ƙorafi ko zargi a bayan canjin, a faɗa wa mutum, a nuna masa fayil ɗinsa, a ji ta bakinsa. In laifi ya yi, a hore shi da sunan horo.

Na huɗu, duk wanda ya kai rahoton almundahana, ko ya ƙi sa hannu a takardar da yake shakka, ko yake riƙe da muƙamin ƙungiyar ƙwadago, idan aka canza masa wuri a cikin shekara guda, nauyin kawo hujja ya koma kan hukuma.

Na biyar, ɗaukaka ƙara zuwa wani wanda ba shi ya yi fostin ɗin ba, da amsa a cikin kwana 14.

Na shida, kuɗi kafin tafiya, da wa'adin dawowa. Dokokin tarayya sun tanadi kuɗin masauki na kwana 28 na farko, da kuɗin sufuri, da na sake matsuguni ga wanda aka tura ba shi ya nema ba. Ma'aikata nawa ne suka karɓa kafin su tashi? Wanda aka tura wuri mai wahala kuma ya san shekara nawa zai yi, a wallafa jerin kowa ya gani. Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen gwamnatoci masu gudanar da mulki a buɗe tun 2018. Wanda ya iya wallafa kasafin kuɗi ba zai gaza wallafa jerin fostin ba.

Kafin a yi gyaran, ga mai takarda a hannu

Kada ka ƙi tafiya. Wannan shi ne tarkon. Ka kama aiki, ka sa hannu a rajista, sannan ka rubuta cewa ka bi umarni amma kana da ƙorafi. Ka nemi wasiƙarka a rubuce. Ka rubuta koke ta hannun shugabanka kamar yadda dokokin aiki suka tsara, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka jera abubuwan da suka faru da ranakunsu, domin mugun nufi ba a ganinsa a takarda ɗaya, a jerin kwanaki ake ganinsa. Ka haɗa takardar asibiti ko ta makarantar yara idan da su. Ka sanar da ƙungiyarka a rubuce. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana karɓar koke kyauta. Idan abin zai kai kotu, kada ka yi jinkiri: Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta sa wa'adin wata uku na shigar da ƙara, kuma hukunce-hukuncen kotuna sun sha bamban a kan ko wa'adin ya shafi rigimar aiki. Mai hankali ba ya gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu. Ka ga lauya kafin wata ukun su cika.

Ga ƙungiyoyin ƙwadago kuma: kun iya rufe gari a kan mafi ƙarancin albashi, kuma kun kyauta. Amma yaushe rabon da ku sa ƙa'idar fostin a kan teburin tattaunawa? Ko don wasu shugabanninku su ma suna cin moriyar zama a hedikwata ne?

Anti ta tafi ranar Litinin ɗin. Ta kama ɗaki a can, tana dawowa duk Juma'a, babbar 'yarta mai shekara 16 ce ke dafa wa ƙannenta abinci a shekarar da za ta rubuta jarrabawar fita sakandare. Ta rubuta koke, an karɓa an buga hatimi, har yau babu amsa. Mutanen garin sun ji daɗinta, ita ma ta ce da an tambaye ta, an ba ta wata biyu, da ta tafi da zuciya ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba halin da take ciki ba ne. Littafin siton nan yana nan. An kawo wata ta zauna a kujerarta, kuma wannan ta ga abin da ya sami wadda ta ƙi sa hannu. Ranar da za ka kai ɗanka asibiti a ce maka babu magani, alhali a takarda an rubuta ya iso, ka tuna da lamba ta 14.